Akwatin da Ba Mu Ƙona Ba

Kwana tara ke nan Belkisa ba ta zauna cin abinci da ni ba. Takan dafa, ta zuba mini, ta ajiye ƙwayar hawan jinina kusa da faranti, sannan ta ɗauki nata ta shige ɗaki. Ba ta ɗaga mini murya ba, ba ta yi mini kallon banza ba. Da ma ta yi, da abin ya zo mini da sauƙi.

Akwati ne ya shiga tsakanina da 'yata.

Na mahaifiyarta ne, Sabaheta, Allah ya jiƙanta. Irin akwatin amare na katako da muke kira sehara, wanda uwa ke tara wa 'yarta kaya a ciki tun tana goye, kuma shi ke riga amarya isa gidan miji. A sanyi na biyu na ƙawanyar yaƙi da aka yi wa garinmu Sarajevo mun ƙona duk abin da wuta za ta ci: kujeru, ƙofar banɗaki, katakon daɓe, har tsofaffin takalma. Ran da na ɗauko gatari na nufi akwatin, Sabaheta ta hau kansa ta zauna da cikinta wata takwas, ta ce sai dai in fara da ita.

Da aka haifi Belkisa babu gadon jariri, don shi ma ya tafi murhu, sai muka shimfiɗa mata a cikin akwatin. Wata safiya bam ya faɗi a harabar gidanmu, gutsuren ƙarfe ya shigo ta taga ya cake a murfin da ke buɗe a kanta. Yarinyar ko motsi ba ta yi ba. Har yau ƙarfen yana nan.

Yanzu gidajen tarihi biyu ke neman akwatin, samari biyu kuma ke neman mai shi.

Na farko gidan tarihin yaƙi ne da ƙungiyarmu ta tsofaffin sojoji ta buɗe a ƙarƙashin wata tsohuwar makaranta. Mai kula da shi Mirnes, ɗan Vehid. Vehid kuwa shi ne ya goya ni a bayansa daga bakin daga har asibiti ran da harsashi ya farfasa mini gwiwa. Shekara ashirin da biyar muna shan gahawa a teburi ɗaya kowace Alhamis.

Na biyu tsohon gidan Mulabeg ne da ke kan tudu, gidan wani attajiri na zamanin Turkawa, inda Belkisa ke aikin zagayawa da baƙi. Suna da ɗakin amarya, ba su da akwatin amarya. Kafintan da ke gyara musu katako sunansa Rijad, kuma shi take so.

Duk unguwarmu an san cewa inda akwatin ya tafi, can yarinyar za ta.

Laifin Rijad ɗaya ne, kuma ba nasa ba ne. A watan farko na yaƙi mahaifinsa ya kwashe iyalinsa ya tafi Jamus, Rijad yana ɗan shekara guda. Kwana tara da suka wuce ya zo gaishe ni, ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da hularsa. Ban ce masa ya shigo ba. Na ce masa, "Gidan nan ba ma ba da 'ya ga waɗanda suka gudu."

Ya kai hannu aljihun rigarsa kamar zai ciro wani abu, sai ya fasa. Ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baffa Ragib." Ya sauka.

Ranar Juma'a yayata Zumreta ta hawo mana hawa na huɗu tana haki, ta ajiye tiren burek, gasasshen naɗin fulawa mai nama a ciki, ta zauna a kan akwatin kamar ita ta haife shi.

"Vehid ya ce jibi bayan la'asar za su zo shi da Mirnes. Ka ji ko?"

"Na ji, Yaya."

"Ka ji, amma fuskarka kamar mai gyaran famfo irinka da bututu ya fashe wa a gidan minista. Me ya rage? Yaro ya yi karatu, yana da aiki, ubansa ya ɗauko ka kamar buhun dankali a ƙarƙashin ruwan harsashi. Wancan ɗan Jamus ɗin kuwa ko sunan unguwarmu bai iya faɗa daidai ba."

"Yana salla, Yaya. An ce yana da natsuwa."

"Natsuwa. Ai dole ya natsu, ya girma da cakulan lokacin da muke tafasa ciyawa." Ta ɗaga murya don ta kai ɗakin Belkisa. "Ni da kaina zan tsaya a kicin in ga an zuba sukari a tukunyar gahawar. Ba za a kai wa Vehid mai ɗaci a gidan nan ba ina raye."

Haka ake yi a wajenmu, masu neman aure ba a amsa musu da baki. Finjali ke magana: gahawa mai sukari an amince ke nan, mai ɗaci kuwa an ƙi.

Bayan ta tafi na ƙwanƙwasa ƙofar Belkisa. Na same ta zaune a bakin gado tana ninke wani tawul da mahaifiyarta ta yi wa ado da zare, tana warwarewa tana sake ninkewa.

"'Yata."

"Babo."

"Gwaggonki ba mugunta take yi ba."

"Na sani. Babu mugu a cikinku, shi ya sa na rasa wanda zan yi fushi da shi." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Mirnes mutumin kirki ne. Amma ka san yadda yake gabatar da ni ga mutane? Ga jaririyar akwati. Mun je ɗaurin auren abokinsa, sau huɗu ya ba da labarin. Wata mata ta rungume ni tana kuka a kan sabuwar rigata. Babo, ban tuna ranar nan ba. Barci nake yi."

"Shi kuma wancan fa?"

"Rijad ne sunansa. Shi tambayata yake me na ci da rana."

Na kusa yin dariya, sai na ga ba wasa take yi ba.

"Ubansa ya bar mu a wuta, Belkisa."

"Ubansa ya ɗauki jaririnsa ya kai shi inda ba a harbi. Da kai ne ka samu hanya, ba za ka ɗauke ni ba?"

Maganar ta same ni a inda ba ta san akwai rauni ba. Na ce mata ba a yi wa uba irin wannan tambayar.

Ta sauko daga gado ta durƙusa ta riƙe hannuna, hannun da ya yi kaushi da shekara talatin na murɗa bututu.

"Ba zan kunyata ka gaban Baffa Vehid ba. In ka ce in zuba sukari, zan zuba, in kai musu da hannuna, in yi murmushi. Abu ɗaya nake roƙo. Shekara biyu ina aiki a gidan Mulabeg ba ka taɓa taka ƙofarsa ba. Gobe ka je ka ga wuraren biyu da idonka. Akwatin Mama ne, kai za ka zaɓa masa inda zai kwana."

Asabar da hantsi na sa kwat ɗina na sallar idi na shiga jirgin ƙasan da ke yawo cikin gari.

Na fara da gidan tarihin yaƙi don na san hanyarsa. Matakala goma sha huɗu ne zuwa ƙasa, gwiwata ta san kowace ɗaya. Mirnes ya taso da sauri ya kama mini hannu.

"Baffa Ragib, da ka faɗa ai da na zo da mota na ɗauko ka."

Yaro ne mai ladabi, a gabana ya girma. Ya zagaya da ni duk da na san komai. Ga murhun da aka ƙera da gwangwanin mai, ga jarkokin ruwa a kan keken jarirai, ga fitilar da aka yi da kwalbar magani. Ga takalmana ma, na ƙafar hagu da jini ya bushe a kai, da sunana a ƙasa. 'Yan makaranta sun cika wurin. Kowane minti goma sai wata na'ura ta saki ƙarar jiniya, ni kuwa kowane minti goma sai kafaɗata ta ɗaga da kanta.

A tsakiyar ɗaki na ƙarshe akwai sabuwar kwabar gilashi, babu komai a ciki.

"Na auna ta daidai da akwatin," in ji Mirnes. "Za mu buɗe murfin yadda yake a ranar, mu haska ƙarfen da fitila. Ga rubutun da zan sa, duba ka gani."

Na ɗora tabarau na karanta. An rubuta cewa wannan akwatin iyalin Ragib ne, mai gyaran famfo, wanda bai taɓa tunanin barin garinsa ba ko na rana ɗaya.

"Wa ya gaya maka haka?"

"Babana. Kullum yakan ce irinku ne suka riƙe garin nan." Ya gyara tsayuwa. "Za mu fitar da duk abin da ke ciki mu ɗauki hotonsa ɗaya bayan ɗaya, mu feshe katakon da magani, mu rufe gilashin. Babu hannun da zai sake taɓa shi. Shekara ɗari zai yi a haka."

"Kayan da Sabaheta ta tara fa?"

"Za su zauna a ciki. Ai su ma tarihi ne."

Ya faɗa da zuciya ɗaya. Na dafa kafaɗarsa na ce Allah ya yi albarka, na hau matakala goma sha huɗu na fito iska, gumi ya jiƙa mini wuyan riga.

Hawan tudun gidan Mulabeg ya ɗauke ni rabin awa. Sau biyu na tsaya kamar ina duba agogo. Belkisa ba ta aiki ranar Asabar, na san da gangan ta zaɓa mini ranar.

Ƙofar katako ce babba. Da na shiga sai ƙarar gari ta yanke. Tsakar gida mai daɓen ƙananan duwatsu, ruwa na zuba a kwatami, furen wardi ya hau bango. Idona ya tafi kan famfon kafin komai, na ga wanda ya haɗa shi ya san aikinsa. Matar da ke bakin ƙofa ta ce kafinta yana sama.

Na same shi durƙushe a ɗakin amarya, yana goge wata taga mai ragar katako, irin wadda 'yan mata na da ke tsayawa bayanta su yi zance da samari a titi. Da ya gan ni ya miƙe har guduma ta faɗi daga cinyarsa.

"Baffa Ragib. Sannu da zuwa. Bari in kawo maka kujera, tudun nan ba shi da tausayi."

"Ba zama na zo yi ba. Ina za ku sa shi?"

Ya nuna mini gefen bango, ƙarƙashin taga, inda daɓen ya fi sauran haske.

"Nan na masu gidan ya zauna shekara ɗari da wani abu. Jikokinsu sun tafi da shi."

"In na ba ku, za ka cire ƙarfen ka toshe ramin ka shafa fenti, ko? Ya zama kamar ba a yi komai ba. Ai ku haka kuka fi so."

Na faɗa don ya ji zafi. Ya ji, na gani a wuyansa.

"A'a, Baffa. Ƙarfen ya zama na katakon, in na cire shi murfin zai tsage. Abin da zan gyara maƙalin murfin ne na hagu, ya saki. Akwati ana so ya buɗu ya rufu. Na kuma gaya wa shugabar gidan nan aro za ta karɓa, ba kyauta ba. Ran da Belkisa za ta yi aure akwatin zai fita ya bi ta. Ko wa ta aura."

"Ko Mirnes?"

"Ko shi. Mahaifiyarta ba don baƙi su kalla ta yi wa tawul ɗin nan ado ba."

Ya je ya tura ƙofar ɗakin, ya dawo ya ciro ambulan daga aljihun rigarsa. Aljihun nan dai da ya kai wa hannu a bakin ƙofata.

"Ran da aka aike ni duba akwatin kana wajen aiki. Shafin da ke cikin murfin ya ɓantare ta gefe, wannan ta faɗo. Belkisa tana kicin, ba ta gani ba. Na kawo maka washegari, amma ban ga lokacin ya dace ba."

Tun kafin in buɗe na san ko mece ce.

Takarda ce da ta yi ja don tsufa, an ninke ta huɗu. Shaidar likita ce cewa Ragib yana da ciwon zuciya mai tsanani, ba zai iya aikin soja ba, a fitar da shi waje neman magani tare da matarsa mai ciki. Lafiyata ƙalau a lokacin, wani ne ya buga mini hatimin a ɓoye. A bayanta an rubuta lambar kujerunmu biyu a motar da za ta fitar da marasa lafiya. Mun je tashar da jaka ɗaya, muka tsaya awa shida cikin dusar ƙanƙara, aka ce an rufe hanya, motar ba za ta tashi ba. Muka dawo gida. Na ce wa Sabaheta ta jefa takardar a murhu. Ashe ita ma ba ta ƙona ta ba.

Ban san lokacin da na zauna a kan kujerar da na ƙi ba.

"Ka karanta?"

"Na karanta layin farko kafin in gane ba tawa ba ce. Ka yafe mini."

"Tana aljihunka ran da na ce maka ɗan waɗanda suka gudu."

"Tana nan."

"Me ya hana ka ciro ta? Kalma ɗaya da ka gama da ni a gaban 'yata."

Ya sunkuyar da kai yana murza ƙurar katako a yatsunsa.

"Babanta nake so ya ba ni ita, ba wanda na karya ba. Kuma ni ban ga abin kunya a ciki ba, Baffa. Na ga mutum ne da matarsa ke da ciki. Mahaifina motarsa ta tashi. Shekara ashirin yana wanke tukwane a Jamus, kullum rediyo a kunnensa yana jin sunayen waɗanda aka kashe. Har ya rasu bai iya zuwa ya zauna a gidan gahawa a garin nan ba, don yana tsoron a ce masa abin da ka ce mini."

Na daɗe ina kallon wurin da daɓen ya fi haske. Sai na tambaye shi sunan mahaifin nasa. Ya ce Nusret. Na yi masa Fatiha a nan inda nake zaune, shi ma ya ɗaga hannu.

Da zan fita ya ce zai raka ni gangaren. Na ce ya koma aikinsa, ba a biyan kafinta don rakiya. Amma na ji takunsa a bayana har bakin titi.

Lahadi bayan la'asar Vehid ya iso da Mirnes, da kwalin alewa da furanni. Vehid ya sa taye, abin da ban taɓa gani a wuyansa ba sai ran jana'izar Sabaheta.

"Gurgu, ka ga yadda ka sa na shaƙe kaina saboda kai?" in ji shi yana cire takalmi.

"Ai ya yi maka kyau. Ka yi kama da direban gawa."

Ya yi dariya har da tari. Muka zauna, aka taɓa zancen ƙwallo da na ciwon baya. Zuciyata kuwa tana bugawa kamar famfon da iska ta shiga. Na ce su ba ni minti ɗaya, na shiga kicin.

Belkisa tana tsaye gaban murhu, idanunta sun kumbura. Zumreta tana gefenta riƙe da gwangwanin sukari, ta riga ta buɗe murfin.

"Yaya, ba ni gwangwanin."

"Me za ka yi da shi? Koma wajen baƙinka."

"Ba ni."

Ban taɓa yi mata irin wannan muryar ba tun muna yara. Ta miƙo. Na ɗora shi can saman kwaba inda ita da tsawonta ba za ta kai ba.

"Ragib, kana cikin hankalinka? Mutumin da ya goya ka?"

"Shi ya sa ba zan ba ɗansa matar da za ta yi masa murmushin dole ba." Na juya ga 'yata. "Ki kawo ta yadda take."

Belkisa ta juyo daga murhu ta dube ni. "Babo..."

"Gahawarki za ta zube. Kula da ita."

Ta shigo da tiren gahawa. Ta fara miƙa wa Vehid. Ya kurɓa. Na ga ɗacin ya sauka a fuskarsa a hankali, daga baki zuwa goshi. Ya dubi tiren ko akwai ƙwayar sukari a gefe. Babu. Mirnes ma ya kurɓa, ya ajiye finjali, ya zuba wa kafet ido.

"Ragib," in ji Vehid, "an yi mantuwa a kicin ne?"

"Ba a yi ba, ɗan'uwana."

"Saboda ɗan wanda ya gudu."

Na ciro ambulan ɗin na miƙa wa Mirnes.

"Ɗana, akwatin zai tafi gidan Mulabeg aro, daga can ya bi mai shi. Amma ba zan bar kwabarka babu komai ba. Ga abin da za ka sa a ciki. Ka karanta da ƙarfi, babanka bai zo da tabarau ba."

Ya karanta. Da ya kai wajen lambar kujeru muryarsa ta yi ƙasa. Zumreta tana bakin ƙofar kicin, ta toshe baki da gefen ɗankwalinta. Belkisa tana tsaye da tire a ƙirji.

Na ce, "Ban zauna don jarumta ba, Vehid. Motar ce ba ta tashi ba. Wata huɗu bayan haka ka goya ni, ka ɗauka kana goyon wanda ya zaɓi tsayawa. Shekara ashirin da biyar kana faɗa a gaban mutane ina gyaɗa kai. Kuma da motar ta tashi da na shiga, yau ma in aka mai da ni ranar zan shiga."

Ana jin ƙarar jirgin ƙasa yana wucewa a titi.

Mirnes ne ya fara motsawa. Ya ninke takardar a kan tsohon ninkinta, a hankali, kamar yadda yake taɓa kayan gidan tarihinsa.

"Ka tabbata, Baffa? Kowa zai karanta. Da sunanka."

"Ka sa ta kusa da takalman. Mutum ɗaya ne ya mallake su."

"Ba mu da irinta ko ɗaya," ya ce. "Kowa takalmi yake kawo mana." Ya dubi Belkisa, idonsa ya yi ja, ya yi ƙoƙarin murmushi. "Gahawarki ta yi daɗi. Allah ya sanya alheri."

"Ka yafe mini, Mirnes."

"Ba ki yi mini komai ba."

Vehid bai dube ni ba. Ya ɗauki finjalinsa ya shanye har gindin, ya kife shi a kan tire. Ya tashi, ya sa takalmi, ya fita ba sallama, ɗansa na biye da shi. Na tsaya a bakin ƙofa ina jin takunsa yana sauka, kowane taku kamar a ƙirjina. Na ce a raina gahawar Alhamis ta ƙare.

A hawa na uku takun ya tsaya.

"Gurgu."

"Na'am."

"Wa zai sauko da wannan uban nauyin akwatin daga hawa na huɗu? Kai da gwiwar nan, ko ɗan Jamus mai hannun biredi?"

Kafin in buɗe baki ya ci gaba.

"Jibi da safe zan kawo motata. Amma kada ka yi mini magana a hanya. Ban gama fushi ba."

Takun ya ci gaba har ƙofar waje ta rufu.

Zumreta ta ɗauki jakarta ta ce ita ba ta da ƙane, ta kuma ce in tuna in mai da mata tirenta. Ta tafi.

Na zauna a teburin kicin, na rasa inda zan sa idona. Na ji ana ɗumama burek. Aka ajiye faranti a gabana, da ƙwayar hawan jini a gefe. Sai aka ajiye faranti na biyu, aka ja kujera.

"Babo."

"Na'am, 'yata."

"Ashe da motar ta tashi, a can za a haife ni." Tana kuka tana dariya lokaci guda. "Da yanzu Gwaggo tana ce mini 'yar Jamus."

Ta gutsuro gefen burek ɗin da ya fi ƙonewa, wanda ta san shi nake so, ta ɗora a farantina. Muka ci.